Banɗaki Aka Ce Ku Gina, Ba Kududdufi Ba

Babu uzurin da zan karɓa daga mai tayil ɗin da ya shimfiɗe ƙasan banɗaki, ya karɓe kuɗinsa cas, ya tafi ya bar ruwa yana kwana a ƙasa. Ba zan karɓi na falamban da ya binne bututu bai zuba ko moɗa ɗaya ya ga inda ruwan ya dosa ba. Mai gidan da ya tsaya yana shafa bango yana yaba ƙyalli, bai sunkuya ya dubi daɓen da zai riƙa takawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba, shi ma kada ya ɗauka zai sha. Leƙa sababbin gidajen da ake ginawa a Kano ko Kaduna ko Abuja ka gani. Tayil tun daga ƙasa har silin, madubi mai fitila, shawa mai kai biyu, amma da mutum ɗaya ya yi wanka sai ka tarar rariya tana wannan kusurwa, ruwan kuma ya tattara ya kwanta a waccan. A bayan ƙofa kuwa ga tsintsiya ko mofa a jingine, an ba ta aikin dindindin. Duk gidan da sai an kore ruwa da hannu bayan kowane wanka, an cuci mai shi, ko kuma shi ya cuci kansa.

Abin ya fi muni a irin banɗakin da ake yayi yanzu, wanda ƙasansa ke tafiya bai ɗaya tun daga ɗakin kwana har ƙarƙashin shawa, ba dakali, ba tudu a dokin ƙofa, ba kwarin da za a taka a sauka. Tsari ne mai kyau, kuma ina bayansa. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta ɗaga ƙafa, dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, mai juna biyun da cikinta ya tsufa, wanda ke kan keken guragu, wannan ne banɗakin da za su shiga ba sai an ciccibe su ba. Sai dai akwai abin da masu kwaikwayonsa daga hotunan waya ba su lura da shi ba. Ɗan dakalin nan da aka saba kewaye wurin wanka da shi ya daɗe yana rufa wa ma'aikata asiri. Ko daɓen ya karkace, dakali zai tare ruwan har ya samu ya tsiyaye. Ranar da aka cire shi, ba abin da ya rage tsakanin ruwan wanka da kafet ɗin ɗaki sai gangaren daɓe kawai. In gangaren babu, ruwa zai bi ka har gindin gado.

Kuma ba wani ilimi ne mai zurfi ba. Ƙa'idar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce daɓen wurin wanka ya gangara zuwa rariya da aƙalla rubu'in inci a kowace ƙafa, kada kuma ya wuce rabin inci. Ƙa'idojin da suka biyo bayan dokarsu ta kare haƙƙin naƙasassu, wadda aka yi a 1990, sun ce a wurin wankan da keken guragu zai shiga kada gangaren ya zarce 1 cikin 48. In ka lissafa, rubu'in inci a ƙafa shi ne 1 cikin 48 ɗin, wato kusan santimita 2 a kowace mita. Ke nan in kusurwar da ta fi nisa tana da tazarar mita ɗaya da rabi daga rariya, sai ta fi bakin rariyar tudu da santimita 3. Ƙasa da haka ruwa ya yi nawa, sama da haka sosai kuma ƙafa ta zame, keke ya riƙa sulalewa da mai shi. Lissafin ke nan gaba ɗayansa, ɗan firamare ma zai yi shi.

Awon ma bai fi minti biyu ba. Samo ma'aunin lebur mai tsawon mita ɗaya, irin mai ƙwayar iska a cikin gilashi. Kwantar da shi ya fuskanci rariya, ka cusa guntun katako mai kaurin santimita 2 a ƙarƙashin kan da ke wajen rariyar. In ƙwayar iskar ta tsaya tsakanin layukan nan biyu, gangare ya yi. In ta gudu ta koma wajen katakon, gangaren bai kai ba. Sai ka zaga da shi ta kowane gefe, ba gefe ɗaya ba, domin sau da yawa ɓangare uku sun yi daidai, na huɗun ne ke aika ruwa ƙofa. Mai tayil ɗin da ya zo aikin banɗaki babu wannan ma'auni a jakarsa, ya ce wai idonsa ya isa, a ba shi kuɗin mota ya koma.

Abin kunyar shi ne magabatanmu sun san wannan tun kafin a kawo ma'aunin kanti. Maginin da ya rufe soro da azara da ƙasa ya san in bai karkata rufin zuwa indararo ba, damina ɗaya ta isa ta zubar masa da mutunci a gari. Matan da ke daɓe makewayi sun san su tura shi ya nufi rariyar da ke gindin katanga. Yau ga siminti, ga injin yanka, ga waya a aljihu cike da bidiyon koyon sana'a, amma an kasa abin da aka yi da madaɓi da ido.

Kai mai tayil, da kai zan fara, don kai ne hannun ƙarshe. Na san yadda ake biyan ka. Jinga ce a kan mita, saboda haka falo ya fi maka banɗaki riba nesa ba kusa ba: can shimfiɗa ce kawai kana tafiya, nan kuwa yanka ne da awo da durƙuso a wuri matsattse. Wannan ya isa dalilin ka nemi ƙarin kuɗi a kan banɗaki, amma bai isa dalilin ka yi masa aikin falo ba. Kana fara shimfiɗa daga bakin ƙofa don layin tayil ya yi kyau ga mai shigowa, sai ka isa rariya a ƙarshe, inda ya faɗi nan ya faɗi. A baibai ka yi aikin. Daga rariya ake farawa, ita ce wuri mafi kwari, a ja zare daga bakinta zuwa kowace kusurwa, a fitar da gangaren a jikin daɓen yashi da siminti tun kafin tayil ko ɗaya ya sauka. Kai kuwa sai ka bar daɓen a lebur, ka ce za ka ciro gangaren da kwaɓin da ke ƙarƙashin tayil, nan ka ƙara, can ka rage. Wani lokacin ma ɗigo biyar kake yi wa kowane tayil, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, sauran duk rami. A ƙwanƙwasa shi da mabuɗi a ji yana amsawa. Cikin waɗannan ramukan ruwa ke taruwa ya ruɓe, shi ne warin nan da matar gida ta wanke banɗaki safe da yamma amma ya ƙi fita.

Ga kuma maganar babban tayil. Alhaji ya sayo mai 60 da 60, ya ce shi yake so har cikin wurin wanka, rariya kuma 'yar ƙarama ce mai kusurwa huɗu a tsakiya. Kai ka san tayil ba ya lanƙwasuwa. Rariyar tsakiya tana buƙatar ƙasa ya gangaro mata ta fuska huɗu, babban tayil kuwa fuska ɗaya kawai zai iya kallo. Ko dai ka yanka shi daga kusurwoyin rariyar zuwa kusurwoyin wurin wankan yadda kowane yanki zai sunkuyo, ko a sa ƙananan tayil da za su bi gangaren, ko kuma a canza rariyar a sa doguwa a gindin bango, daɓen duka ya karkata gefe guda. Ka san duk wannan, ko ya kamata ka sani. Amma sai ka yi shiru, ka huda tayil ɗaya a tsakiya ka dasa rariyar, har bakinta ya ɗara tayil ɗin tudu da 'yan milimita. Wannan ɗan tudun da ido ba ya gani ya isa ya riƙe shimfiɗar ruwa a duk faɗin wurin. Marfin rariya a ƙasa da fuskar tayil yake zama, ko da da milimita ɗaya ko biyu ne.

In aka kira ka aka nuna maka, amsarka ba ta wuce uku.

"Alhaji ai sabo ne, in aka fara amfani da shi zai daidaita."

"Hajiya ai ɗan kaɗan ne, iska za ta busar."

"Ranka ya daɗe, ai aikin falamba ne, ba nawa ba."

Siminti ba ya daidaita bayan ya kama, yadda ka bar shi haka zai zauna har a rushe gidan. Iska kuma ba ta shiga banɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ta ukun ce kaɗai wani lokaci take da ƙamshin gaskiya, don haka bari in juya kan abokin aikin naka.

Malam falamba, kai kake zuwa farko, kai ne kuma ba a ganin aikinka, shi ya sa kake yin yadda ka ga dama. Kana dasa rariya inda bututu ya fi maka sauƙin fita, ko da kusa da ƙofa ne, shawa kuma tana can ƙurya, sai ruwa ya ratsa banɗakin kaf kafin ya samu mafita. Kana sa siririn bututu don ka ci rarar kuɗin kaya. Ka manta wankanmu ba irin na Turawa ba ne. A Amurka doka ta ƙayyade kan shawa kada ya zubar da fiye da galan 2.5 a minti, kusan lita 9.5. Mu kuwa nan bokiti ne da baho. Mace za ta gama wankin kayan yara ta tuntsurar da lita 20 a lokaci guda, ga kumfa ga zare. Rariyar da za ta shanye wannan tana son bututu mai inci 2 aƙalla, shi ma a kwantar da shi da nasa gangaren har ya fita, ba gwiwa a kan gwiwa ba. Sau nawa aka fasa daɓe aka tarar bututun a kwance lebur, ko ma ya ɗaga kai sama a tsakiya saboda an ɗora shi a kan ɓaraguzai ba a danne ƙarƙashinsa ba? Sau nawa ka haɗa bututun wurin wanke hannu da na rariya ba lissafi, har in an buɗe famfo a sama kumfa ta ɓullo a ƙasa?

Akwai laifin da ku biyu kuka yi tarayya a kansa, kuma shi ya fi yawa a sababbin gidaje. Falamba ya bar bakin bututu a buɗe ya tafi, ko ya ɗan cusa masa takardar buhun siminti. Mai tayil ya gama aiki, yaronsa ya wanke cokali da kwanon kwaɓi, ya share ragowar simintin cike tsagi, ya tura duka cikin rariya ya bi da ruwa. Siminti kuwa a cikin ruwa ma kamawa yake yi. Sai ya je ya kwanta a lanƙwasar da ke ƙarƙashin rariya, wadda aka yi don ta riƙe ɗan ruwa ta hana wari da kyankyasai dawowa, ya daskare a can ya cinye rabin hanya. Amarya ta tare a gida sabo fil, daren farko ruwa ya kai mata idon sawu. Toshe bakin bututu da marfin roba bai kai kuɗin katin waya ba.

Ɗan kwangila da injiniyan da ke duba gini kada su yi murmushi, don asalin ɓarnar a wurinsu take. Banɗakin da ba shi da tudu a ƙofa ba a ranar sa tayil ake yanke shawararsa ba. Tun ran gini tun ran zane. Tun lokacin zuba kankare ake sauke ƙasan banɗakin ya yi ƙasa da na ɗaki da santimita da dama, don a samu zurfin da za a zuba daɓe mai gangare, bakinsa na ƙofa ya zo daidai da tayil ɗin ɗaki, bakinsa na rariya ya nutse. In aka zuba kankaren ɗaki da na banɗaki kai ɗaya, an ɗaure mai tayil: ko ya ɗaga banɗakin ya fi ɗaki tudu, ko ya shimfiɗa shi lebur. Mafi yawansu na biyun suke zaɓa, su yi shiru, saboda wanda zai biya su ba ya son jin matsala.

Yanzu kai mai gida. Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Dei-Dei, ka wuni kana zaɓen launi, ka ɗauko tayil mai sulɓi da ake ganin fuska a jikinsa ka ce a sa a ƙasa. Ba ka jiƙa hannu ka shafa shi ka ji yadda zai zama in sabulu ya hau ba. An ce maka a sayi maganin hana ruwa ratsa daɓe, ka ce almubazzaranci ne, ai tayil ba ya shan ruwa. Tayil ɗin ba ya sha, amma tsagin da ke tsakaninsu yana sha, kuma ta nan yake bi. Ma'aikaci ya faɗi kuɗinsa ka raba biyu, ka kawo wanda ya yarda da rabin, alhali ka san araha ba ta ado. Ka kashe miliyoyi a kan ƙofar gida da fitilun katanga don mutanen waje, ka tsuke hannu a kan mita huɗun da mahaifiyarka za ta taka sau biyar a rana in za ta yi alwala. In gidan haya ne kuwa abin ya fi haka. Ɗan haya ya kawo kuka, ka ce waɗanda suka zauna kafin shi ba su taɓa magana ba. Sun yi, ba ka ji ba ne.

Wa ke biyan wannan sakaci? Ba mai tayil ba, shi yana can wani gidan yana maimaitawa. Matar gida ce da 'yar aiki, masu sunkuyo da tsintsiya bayan kowa ya fito. Mai kiyaye tsarki ne, wanda ya shiga da nufin alwala ya fito yana shakkar ƙafar wandonsa, domin ruwan da ya kwanta a banɗakin da masai ke ciki ba wanda zai rantse a kan abin da ya gauraya da shi. Bango ne, da za ka ga fentinsa ta ɓangaren ɗakin kwana ya kumbura yana zubar da farin gari, durowar kaya ta yi funfuna. In bene ne, ruwan yana ratsa kankare ya iske rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga kankaren daga ciki, silin na ƙasa ya yi taswira.

Mafi tsada kuwa shi ne ƙashin tsoho. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Ruwan da ya kwana a kan tayil, ya haɗu da sabulu da maiƙon jiki, yana yin wani yauƙi da ba a gani sai an taka. Yaro ya faɗi ya tashi yana dariya. Tsohuwa ta faɗi ƙashin ƙugu ya tafi, daga nan sai mai ɗori ko Asibitin Ƙashi na Dala, sai watanni a kwance, wasu kuma ba sa sake miƙewa. A zo gaisuwa a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba ta wanke wanda ya ga ruwan yana kwanciya shekara biyu bai kira kowa ba. Kuma dubi abin takaicin: don tsohuwar aka cire dakalin tun farko.

To, an riga an yi, yaya za a gyara? Kafin ka taɓa guduma, gano wace cutar ce, domin ruwa yana tsayawa ne ko don ya rasa hanyar zuwa rariya, ko don ya je rariyar ta ƙi karɓa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Cire marfin, ka cika bokiti ka juye shi kai tsaye a cikin ramin. In ya shanye nan take, bututu lafiya lau, laifin daɓe ne. In ya cika ya dawo yana sauka a hankali, matsalar tana ƙasa. Sai ka sa safar hannu ka zaro abin da ke cikin lanƙwasar: gashi, zaren soso, guntun sabulu, ledar shamfu. Yawanci a nan maganar ke ƙarewa. In ka zura waya ka ji ta ci karo da abu mai tauri, simintin nan ne, ba abin da zai fitar da shi sai a fasa a yanke wannan gaɓar a sa sabuwa. In kuma rariyar tana gurnani tana ɓulɓulo iska, ko duk banɗakunan gidan sun yi nawa lokaci guda, musamman da damina, fita waje ka buɗe ramukan duba bututu da sokawe, ka kuma duba ko akwai bututun shaƙar iska ma sam. Ba ƙaramar wauta ba ce a farfashe tayil alhali ramin waje ne ya cika.

A nan zan tsawatar a kan asid. Da rariya ta toshe sai a aiki yaro ya sayo asid a jarka a tuttula. Yana cinye simintin tsagin tayil, yana cin marfin ƙarfe, yana ƙona hannu da ido, kuma in ya tarar da bilic da aka riga aka zuba a wurin, haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin, guba ce a ɗaki rufaffe. Gashin da yatsa biyu za su zaro bai cancanci wannan kasadar ba.

In laifin daɓe ne, tare rariyar, ka watsa ruwa a ko'ina, ka buɗe, ka jira minti goma, sannan ka zagaye duk inda ruwa ya rage da alli. In wuri ɗaya ne ɗan ƙarami, tayil uku ko huɗu za a ɗaga a gyara ƙarƙashinsu a mayar. In marfin rariya ne ya yi tudu, a sassaƙe kewayensa a sauke shi. Amma in allin ya zagaye rabin banɗakin, ko ruwan ƙofa yake nufa, to ka daure ka ji gaskiya: sai an fasa. A cire tayil ɗin wurin wankan har da daɓensa, a sake zuba sabo da gangaren santimita 2 a mita, a shafe shi da maganin hana ruwa har ya hau jikin bango, a bi kusurwoyi da kewayen rariya da kyau don nan ne yoyo ke farawa. Sannan a toshe rariyar, a yi ɗan shinge na wucin gadi a ƙofa, a cika wurin da ruwa a sa masa alama a bar shi awa 24. In bai ragu ba, kuma ba danshi a bayan bango ko a silin na ƙasa, sai a sa tayil, mai kaushi, ƙanana in rariyar tsakiya ce. In zurfin bai isa a fitar da gangare ta fuska huɗu ba, doguwar rariya a gindin bango ta fi sauƙi. A bene kuma kada wanda ya sassaƙi kankare don neman zurfi sai injiniya ya gani.

Gilashin tare fantsama, labule mai nauyi, robar nan mai laushi da ake mannawa a ƙasa wadda keke ke takewa ta miƙe, har da ƙarin doguwar rariya a bakin ƙofa, duk suna taimakawa in gangaren yana nan amma ruwan shawa ya fi ƙarfin wurin. Ba sa mayar da karkataccen daɓe daidai. Dabaru biyu kuwa da ma'aikata suka fi kawowa, ka ƙi su. Ɗaya, a ɗora sabon tayil a kan tsohon, sai banɗaki ya ɗaga, tudu ya fito a ƙofa, ruɓaɓɓen ruwan kuma yana nan a binne. Ɗayar, a jera bulo a dokin ƙofa a tare ruwan. An tsare kafet, an kuma kulle mai keke a waje, ruwan yana nan kwance inda yake yana jiran ƙafar tsohuwa.

Gine-ginen jama'a ma ba su tsira ba, kuma su doka ta hau kansu. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara yadda mai buƙata ta musamman zai iya shiga ya yi amfani da su. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Duk da haka za ka shiga asibiti ko otal ko masaukin baƙi, ka ga an manna hoton keken guragu a ƙofar banɗaki, ka tura ka tarar da ruwa kwance, ba ƙarfen dafawa a bango, tayil kuma sulɓi kamar an shafa mai. Majinyacin da aka yi wa aiki jiya shi ake turawa ciki yana jan ƙarfen ƙarin ruwa. Jami'in da ya sa hannu ya karɓi irin wannan aiki daga ɗan kwangila bai zuba bokiti ɗaya ba, ya ci amanar da aka ba shi.

Ku shugabannin ƙungiyoyin masu tayil da na falambobi, da ku iyayen gida masu yaye yara a sana'a, kada ku sallami yaro da sunan ya ƙware sai ya fitar da gangaren banɗaki a gabanku ruwa ya bi. Kai kuma mai gini, ka faɗa wa ma'aikaci tun ranar ciniki cewa cikon kuɗinsa yana hannunka sai an yi gwaji. Ranar da ya ce ya gama, sa a kawo bokiti biyu cike, ka watsa ɗaya a kusurwar da ta fi nisa, ɗaya a bakin ƙofa, ku tsaya tare ku kalla. In bayan minti biyar akwai inda ruwa ya rage da za a iya kora da tsintsiya, kada ka ba shi ko sisi sai ya fasa ya sake.